Wanda Labaran Ya Tafi da Shi

A shekarar da aka ciccibo kujerar mulki daga Legas aka dire ta a Abuja, manyan mutane sun yi ta jawabi cewa an zaɓi wurin ne saboda fili ne da ba na kowa ba. Tsohuwa Lucia ba ta jin Turanci, don haka ba ta taɓa sanin cewa ita ba kowa ba ce. Abin da ta sani shi ne an zo da tifa an kwashe ta daga ƙauyensu na Jabi, ita da turminta da tukwanenta, an sauke ta a Kubwa cikin wani ɗaki mai rufin kwano. Kabarin ubanta Kure kuwa yanzu yana ƙarƙashin wani titi mai faɗi.

Jikarta Margaret ta biyo kujerar. Sakatariya ce a wata ma'aikata, aka ce kowa ya tattara ya koma sabon birni, ta tattara. A Kano aka haife ta, inda ubanta ya yi aikin jirgin ƙasa, a Zariya ta yi makaranta. Hausarta ta fi ta wasu Hausawan tsabta, kuma tana ji da hakan. Gbagyi, wato Gwaranci, harshen kakanninta, sai gaisuwa da sunan abinci. Da kakarta ma Hausa suke yi, irin Hausar da tsohuwar ta tsinta a kasuwa tun tana budurwa ba ta kuma taɓa ganin dalilin gyara ta ba.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, Margaret ta same ta a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa.

"Kai Magi, zo ka zauna," in ji tsohuwar. Haka take kiranta tun tana goye, kuma ba wanda ya taɓa damuwa. "Ni na kusa tafiya. In na je, Baba zai tambaye ni yaransa. Na ɗan'uwana Yamusa na sani. Nawa na sani. Na Shekwolo fa? In ce masa me?"

"Wane ne Shekwolo, Kaka?"

"Ɗan'uwana mana. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne babba."

Margaret ba ta taɓa jin sunan ba. Tsohuwar ta ba ta labarin a gutsure, tana yi tana jefa ɓawo. Wani Bakatsine ne, Labaran Mai Kanwa, yake zuwa Jabi da jakuna kowane rani, ya kawo kanwa da gishiri ya tafi da man kaɗanya. Wata shekara da ya tashi komawa, Shekwolo ya bi shi. Ba sace shi aka yi ba, shi ya so. Kure ya yi fushin da ya hana a sake ambaton sunan a gidansa, kuma mutanen gidan sun yi biyayya har suka mutu ɗaya bayan ɗaya da sunan a bakinsu. Lucia ce kaɗai ta rage.

"Ƙarfi gare shi," ta ce. "Doyar da mutum biyu za su ɗauka, shi kaɗai yake kai ta gida. Wani saurayi ya yi masa raini a rafi, ya ɗaga shi ya buga da ƙasa. Ka nemo mini yaransa, Magi. Ba na son in je wa Baba da rabin labari."

Margaret ta dubi hannuwan da ke ɓare gyaɗar, duk sun zama ƙashi da jijiya, ta san ba ta da lokacin ɓatawa.

Ta fara da waɗanda aka sani, ko wani ya taɓa jin ƙishin-ƙishin. Ta hau motar Justice, ɗan kawunta da ke jigilar ma'aikata daga Kubwa zuwa cikin gari, ya kai ta Yangoji inda zuriyar Yamusa suka koma noma. A nan ta ga abin da ba ta taɓa tsayawa ta duba ba. Yamusa ya rayu ya mutu a kan addinin ubansa. 'Ya'yansa suka rabu, wasu coci wasu masallaci, amma rumbun doya ɗaya suke ci. Nathan mai wa'azi a cocin garin da Bello mai kiran salla uba ɗaya ya haife su, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma rigimarsu ta shekara da shekaru a kan wata akuya ce, ba a kan Allah ba. An kore su daga ƙasar kakansu, sun sami wata ƙasar sun sa mata fartanya, sun haifi malaman makaranta da ungozoma da direbobi da soja guda. Babu wanda ya yi musu jawabi a rediyo. Amma Shekwolo, kowa ya girgiza kai.

Sai ta koma kan Katsinawa. A kasuwar Wuse aka yi ta miƙa ta daga rumfa zuwa rumfa, har wani dattijo mai goro ya ce ai jikan Labaran Mai Kanwa yana nan, Alhaji Badaruddeen mai atamfa, layi na baya.

Alhajin mutum ne mai fara'ar 'yan kasuwa, wadda takan ragu da zarar an gane ba saye aka zo yi ba.

"Madam, wace kala za a ba ki?"

"Ba atamfa na zo saye ba, Alhaji. Wani mutum nake nema. Bagwari ne, ya bi kakanka Labaran daga Jabi tun zamanin Turawa. Ƙaƙƙarfa ne, wataƙila ya yi masa aikin jakuna."

Ya yi tunani na gaskiya, ya lissafo barorin gidan kakansa da ya ji labari: akwai Buzu, akwai wani Banufe, akwai mutumin Maraɗi. Bagwari babu.

"Ki yi haƙuri, Madam. Da akwai da na ji. Ga wata mai ruwan goro nan ta shigo jiya, ki duba ko don gaba."

Ba ta haƙura ba. Ta ɗauki hutu ta tafi Katsina, ta zauna a zaurukan tsofaffin fatake tana tambayar wani ƙato Bagwari da ya musulunta a hannun Labaran. Suka yaba Hausarta, suka ba ta fura, suka sallame ta hannu wofi. Wani ya tura ta Funtuwa wurin zuriyar wani Bagwari mai ƙira, ta je ta tarar mutumin Minna ne. Ta dawo Kubwa ta sami kakarta ta daina fitowa bakin ƙofa.

Tana zaune a gefen katifar tana shafa mata man zafi a ƙafa, ta rasa yadda za ta ce ta gaza. Tsohuwar kuwa hira take so, ta kama labarin uwar Margaret da ta rasu.

"Uwarka ma haka yake da taurin kai. Lokacin da ya yi cikinka, na ce ya dawo gida ya haihu, ya ƙi. Ya haife ka a Kano shi kaɗai, ko nono bai iya ba ka ba sai da..."

Hannun Margaret ya tsaya. Wannan maganar ta ji ta ya fi a ƙirga. Uwarta, ya yi ciki, ya haihu. Ita kanta shekara talatin da ɗoriya ana ce mata kai. A harshen Gbagyi kalma ɗaya ce ke ɗaukar mace da namiji, kuma tsohuwar ta zuba Hausarta ne a wannan mazubin. Margaret ta san haka tun tana yarinya, har kwaikwayonta takan yi don a yi dariya. Amma da aka ba ta labarin wanda ba ta sani ba, sai kunnenta na Kano ya ji abin da aka koya masa.

"Kaka," ta ce a hankali, "Shekwolo ɗin nan, namiji ne ko mace?"

Tsohuwar ta buɗe ido ta dube ta kamar ta ga mahaukaciya.

"Mace mana! Labaran zai tafi da namiji ya yi me da shi? Aure suka yi."

"To me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni? Wai kai ne mai boko."

Washegari Margaret ba ta je ofis ba. Ta tsaya a gaban rumfar atamfa tun Alhajin bai gama shimfiɗa kaya ba.

"Madam, kin dawo wa mai ruwan goron?"

"Alhaji, ka gafarce ni, zan yi maka tambayar da ba a yi wa baƙo. Matan kakanka, akwai wadda ba 'yar Katsina ba?"

Fara'ar ta tafi gaba ɗaya. Ya gyara hula, ya dubi maƙwabcinsa, ya ce mata ta shigo daga ciki ta zauna.

"Mace ɗaya kakana ya aura har ya mutu. Hajiya Indo. Ita ta haifi mahaifiyata." Ya leƙa waje. "Ana cewa daga kudu ya zo da ita. Ba a cika zancen ba."

"Yaya take?"

Sai ga shi yana murmushi ba da niyya ba.

"Doguwa. Kowa tsoronta yake ji. Da Labaran ya rasu ita ta riƙe cinikin kanwar daga cikin gida, ta aurar da 'ya'ya bakwai, ta je Makka da kuɗinta. Abu ɗaya ne muke mata dariya muna yara. Ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba. Ko tulu ne, a kafaɗa take saɓa shi. In an yi magana ta ce kai ba jaki ba ne, shi ke ɗauke da mutum, ba a ƙara masa wani kayan."

Margaret ta rufe fuska da gyale. Duk macen Gbagyi da ta taɓa gani tana dawowa daga gona, a kafaɗa take ɗauke da doyarta.

"Kuma takan ce mini ke," in ji Alhajin, muryarsa ta sauka. "Ke Badaru, zo nan. Mun ɗauka tsufa ne."

"Tana raye?"

"Ta rasu shekarar da aka yi canjin kuɗi na farko. Amma Hajiyata tana nan, a Dutsen Alhaji take wurina." Ya dube ta da kyau, karo na farko ba a matsayin mai saye ba. "To ke yanzu mece ce tawa?"

"Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito."

"Ikon Allah. Kuma coci kike zuwa?"

"Har cikin mawaƙan cocin nake."

"Ikon Allah," ya sake cewa. Ya jawo atamfar nan mai ruwan goro ya naɗe ya ajiye mata a cinya. "Ba a zuwa wa tsohuwa hannu rabbana. Ki ce mata muna tafe."

Ranar Asabar suka zo, mota biyu. Justice ya kwaso na Yangoji a tasa motar, Nathan da Bello suna gaba suna gardamar wanda zai zauna kusa da taga. Tsakar gidan ya cika da hijabai da ɗankwalayen coci, an tsaya cirko-cirko ana kallon juna, kowa yana ganin hancinsa a fuskar baƙo.

Hajiya Fadima, uwar Badaruddeen, ita ta fara shiga ɗakin. Mace ce mai jiki, ta haura sittin, ta durƙusa da ƙyar a gaban katifar.

"Inna, ina wuni."

Lucia ta sa a tashe ta zaune. Ta kama fuskar matar da hannu biyu ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta yi wata magana da Gbagyi, gajeriya. Hajiya Fadima ta fashe da kuka.

"Haka mahaifiyarmu take ce mana in za mu yi tafiya," ta ce. "Ba ta taɓa gaya mana ma'anarsa ba."

"Ka dawo da ƙafarka, shi ke nan," in ji tsohuwar. "Daina kuka, ka ɓata mini zane. Ya sha wahala a wurinku?"

"Wahala? Inna, mu muka sha a hannunta."

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya kama ta. Da ya lafa, ta ce a ba ta ruwa, a kuma yi mata shiru.

"Yanzu ka faɗa mini yaransa. Ɗaya ɗaya. Kada ka yi sauri, ni zan kai."

Margaret ta zaro biro daga jaka, tsohuwar ta daka mata tsawa ta mayar. Inda za ta, ta ce, ba a shiga da takarda.

Hajiya Fadima ta fara. Ta ambaci 'ya'yan Indo bakwai, na raye da na mace, Lucia tana maimaitawa tana lanƙwasa yatsa. Aka gangaro kan jikoki: mai shago a Kano, malamar asibiti a Daura, Rabi'atu da ke aure a Agadas, wani da ya tafi karatu Masar bai dawo ba. Aka gangaro kan tattaɓa-kunne, har jaririya Ikilima da aka miƙo mata ta riƙe. In ta manta, sai ta ce a koma daga farko, kuma a koma. Rana ta karkata, abinci ya huce a tsakar gida, ba wanda ya motsa.

Suna ɗaya ne ya gagare ta.

"Bada... Badu... Kai, wane ne ya sa wa yaro wannan suna? Baba ba zai iya shi ba."

"Inna, ki ce Badaru kawai," in ji Alhajin daga bakin ƙofa.

"A'a. Yadda aka raɗa maka zan kai. Sake faɗa."

Ya sake faɗa. Ta gwada, ta karye a tsakiya, yara suka ƙyalƙyale. Ta harare su, ta sake gwadawa.

Ta yi makonni tana bitar sunayen nan, safe da yamma, Margaret tana jin ta daga ɗaya ɗakin tana shirin ofis. Ta fara daga Yamusa ta gangaro, ta bi nata, ta ƙare da na Shekwolo. A farkon damina ta kai ƙarshe ba tuntuɓe, har da Badaruddeen, harafi bai faɗi ba. Ta aika a gaya masa. Ya rufe rumfa ya zo ya saurara, ya ce daidai ne. Ba ta kai girbin doya ba.