Ruwan Talibambam

"Ba nan ba, Lantana. Kai tiyon ƙasa, inda ƙazantar ta kwanta. Mi ya sa ba ki jin magana?"

Rufa'i ne ke ba ni umarni daga kan gado, mutumin da ko kofi ba ya iya kaiwa baki sai an tallafa masa. Ni kuma ga ni durƙushe gaban akwatin gilashi, da furfurata da ciwon gwiwata, ina tsotsar bakin tiyo don ruwan kashin kifi ya gangaro cikin bokiti. Ba don makullin pompo da ke ɗaure a bakin zanena ba, da tuni na watsa masa ruwan na yi gaba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a nan Dogon Dutsi. Ya yi aikin gwamnati a Gaya, bakin kogi, da ya bar aikin ya dawo gida da tumbi da izza da wani ɗan kifi cikin roba. Duk layinmu shi kaɗai ke da pompo a tsakar gida, kuma ranar da aka kafa shi ranar ya sa aka ƙera masa akwatin ƙarfe da kwaɗo. In bazara ta yi zafi 'yan garuwa suka yi wuya, mata kan tsaya ƙofar gidansa da bokiti su yi ta sallama. Yana ji. Wani lokaci har ya leƙo ya ce gidansa ba rijiyar gari ba ce. Matarsa Mubarika ta gaji da ƙididdigar da yake yi mata a kan ruwan wanki ta koma wurin danginta a Guéchémé, 'ya'yan suka watse Yamai, bai nemi kowa ba.

Kifin shi ne talibambam, mai kumbura in an taɓa shi. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, jikinsa zane-zane, bakinsa kamar na aku. Shi kaɗai yake cikin akwatin, don an taɓa sa masa abokan zama ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yage musu wutsiya. Da na ji haka na ce lalle Rufa'i ya samu ɗan'uwa.

Wannan kifin shi ya ci gatan da matar gida ba ta ci ba. Ba a zuba masa ruwan pompo kai tsaye, wai akwai jabel a ciki, maganin nan da ake sa wa ruwa, yana ƙona masa wurin numfashi. Sai an tara ruwan a tuluna biyu cikin ɗan ɗakin da ke bayan akwatin, a bar bakinsu buɗe da tsohon gidan sauro a kai, ya kwana biyu ya huce. Ba a canza ruwan gaba ɗaya, sai a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu daga ƙasa a mayar da sabo a hankali, bayan an sa hannu an ji ɗuminsu ɗaya. Sabulu ba ya kusantar bokitinsa. Soson da ke cikin injin tacewa ma ba a wanke shi da sabon ruwa, sai da wanda aka zuƙe. Abincinsa dodon koɗi ne da ake kiwo a daro, saboda in bai fasa abu mai tauri ba haƙoransa kan yi tsawo su rufe masa baki. Abin da ya rage bai ci ba a tsame nan take kafin ya ruɓe. Rufa'i ya san duk wannan, amma bai san sunan jikarsa ta ƙarshe ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, ni ya kira ta kan katanga. Ba don yana ganin mutuncina ba, don dai ni tsohuwa ce marar miji, ba mai cewa komai in na shiga. Ya ce in riƙa kula da kifin, shi kuma ya ba ni makullin pompo in ɗebi na gidana, ya haɗa mini da na ɗakin tuluna. Na karɓa ban yi godiya ba. Shi ma bai yi ba. Ɗan ƙanensa Mu'awiya, wani saurayi mai shago a kasuwa, shi ke kawo masa abinci da magani, ya zauna bakin gado ya yi masa nasihar cewa ya bar shagala da kifi ya kama istigfari. Rufa'i ya juya fuska bango har sai ya fita.

Ana haka pompo ya ƙafe, gari duka. Wuta ma ta shiga wasa, ta zo ta koma, ɗan injin da ke hura wa kifin iska ya yi shiru fiye da yadda yake aiki. Zafi kuwa ba a magana. Ruwan akwatin ya fara yin fari-fari, kifin ya daina zuwa bakin gilashi in ya gan ni, ya kwanta ƙasa jikinsa ya yi duhu. Abin da ya rage mana shi ne ruwan ƙarshe da na tara a tulunan nan, kuma bai gama hucewa ba sai washegari. In aka taɓa shi, ba wani.

Da la'asar Rufa'i ya ce yana jin ƙishirwa. Randarsa ta sha ba ko ɗigo. Na ɗauki kofi na nufi ɗakin tuluna, ya ɗaga hannu da ƙyar ya tsai da ni.

"Ruwan ga ba na kowa ba ne," in ji shi. "Nashi ne. Ko ni na roƙe ki, kada ki ba ni."

"To ka mutu da ƙishirwa?"

"Ke ba ki da randa gidanki?"

Na tsaya ina kallonsa. Leɓensa ya tsage, numfashinsa sama-sama, amma har yanzu dabarar yadda zai sha na wani ya adana nasa yake yi. Tausayinsa bai kama ni ba ko kaɗan, haushi ne ya cika ni har wuya. Na dai je gida na ɗebo masa daga ɗan abin da nake lallaɓawa, na tallafi kansa ya sha. Da ya gama ya ce ruwana yana warin laka.

Da safe na shigo na same shi ya cika, fuskarsa na duban akwatin gilashi. Na rufe masa ido, na ja mayafi, na aika a kira Mu'awiya.

Mu'awiya ba ya son jinkiri a kan gawa. Kafin hantsi ya samo likkafani, ya aika masu haƙa, ya buga wa 'ya'yan waya ya ce musu ba za a jira mota daga Yamai ba, su zo su tarar da addu'a. Mai wanka ya iso ya naɗe hannun riga, sai aka ga ba ruwa. An nemi 'yan garuwa, an ce duk suna layi a wata rijiya can bayan gari, ba mai dawowa kafin azahar. Mu'awiya ya karɓi makullin pompo wurina ya murɗa, ya leƙa randa, ya zo inda nake zaune a ƙofar ɗakin tuluna na jingina baya da ƙyauren.

"Inna, ke kin san gidan ga. Pompon nan ba ya kawowa ko kaɗan?"

"Ya ƙahe tun shekaranjiya, ɗana," na ce.

Pompo ya tambaya, labarin pompo na ba shi. Makullin ɗakin yana ƙuguna ina jin sanyinsa. Daga inda nake ina hango kifin kwance a gindin akwatin, bakinsa na buɗewa yana rufewa da sauri. Shi dai kifin bai taɓa korar kowa daga ƙofar gida ba. Na ce wa Mu'awiya ya ba ni bokiti, ni zan samo ruwan wanka.

Na bi layinmu gida-gida. Ba na tsawaita bayani, sai in ce Rufa'i ya rasu, ana roƙon ruwan da za a yi masa wanka. Da gangan nake cewa roƙo, kuma ban ji kunyar daɗin da kalmar ke yi mini a baki ba. Kowace mace ta yi salati, ta dubi randarta. Duk wadda na tsaya gabanta ta taɓa tsayawa gabansa da wannan irin bokitin. Ba wadda ta hana. Wata ta ba da moɗa biyu, wata ta karkata randa ta tatso na gindi har da ɗan gurɓinsa. Ruƙayya, wadda ya taɓa kora ranar sunan ɗanta tana da baƙi cike da gida, ita ta fi daɗewa tsaye. Daga baya ta ɗauko butar alwalarta ta juye mini duka.

"Ki ce masa wanga ba bashi ba ne," in ji ta, ta koma ɗaki.

Na dawo da bokiti biyu, ruwan gida kusan goma a gauraye, launinsa kamar an wanke gero. Mai wanka ya duba ya ce ruwa ne mai tsarki, ya wadatar in an yi tattali. Da shi aka wanke Rufa'i mai pompo, ana zubawa kaɗan-kaɗan da kofi don kada ya ƙare kafin a kai ƙafafu. Mazan da suka ɗauke shi ba su da yawa. Mu'awiya ya yi ta waige ko wasu za su ƙaru a hanya.

Da suka sha kwana na tashi na buɗe ɗakin. Tulunan suna nan cike har wuya ƙarƙashin gidan sauro, ruwan garau, ba warin jabel. Na durƙusa na kai tiyon ƙasa inda ƙazantar ta kwanta, ba mai ce mini ba nan ba. Na zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu, na sa hannu a tulu na sa a akwati na ji ɗuminsu, sannan na riƙa zubawa da ƙwarya ta gefen gilashi don kada ya firgita ya kumbura. Wanda na zuƙe ban zubar ba, na kai wa ɗan zogalen da ke bakin katangata.

Mata sun fara shigowa zaman makoki, ina jin ana shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, wata na tambayar ko akwai ruwan sha. Na tsamo dodon koɗi ɗaya daga daro na saka a akwatin na zauna.

An jima kifin ya ɗago daga ƙasa, 'yan fukafukansa na kaɗawa. Ya juyo ido ɗaya ya dubi gadon da aka yaye wa shimfiɗa, ya juyo da shi ya dube ni. Sannan ya sauka kan dodon koɗin, na ji ƙarar fasawar ta cikin gilashi.