Man Kifi Daga Ɗan Issa

Atika ta haifi ɗiyarta bakwaini ana tsakiyar noman farko. A likitar Madarumfa aka ce a riƙa ɗaura jaririyar a ƙirji, fata da fata, don kada sanyi ya kama ta. Atika ba ta da ƙarfi, sai yayarta Tani ta taso daga Gabi suna karɓa-karɓa. Bayan Tani ya ƙage, zanenta duk ƙarnin nono, barci kuwa sai a zaune.

Zakari, mijin Atika, masunci ne. Ba a barin maza su daɗe a ɗakin, don haka kullum in ya fito daga tafki sai ya tsaya bakin taga, ya tambaya ko jaririyar ta ƙaru. Kullum amsar ɗaya ce: da sauƙi.

Wata rana da hantsi ya sauka daga kabu-kabu, ya miƙo wata 'yar kwalba ta taga. Ƙwayoyi ne masu laushi, masu launin ruwan zuma.

"Yaya, man kifi ne. Wani mai magani a Ɗan Issa ya ce shi ake ba bakwaini a ƙasashen waje, yana tsare su daga ciwo."

"A tambayi Madam Zahara'u tukuna," in ji Tani.

Amma Zahara'u, ma'aikaciyar jinyar, tana can kan wata haihuwa mai wuya, har azahar ba ta fito ba. Zakari na tsaye cikin rana. Atika ta dubi mijinta, ta dubi 'yan ƙafafun ɗiyarta, ta zare fil daga kallabi ta huda ƙwaya guda, ta shafa man a bakin jaririyar da yatsa. Tani na gani, amma ba ta da sauran ƙarfin gardama.

Washegari jaririyar ta ƙi kama nono. Jikinta ya saki, kukan ma ba ya fita. Zahara'u ta duba ta, ta ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini. Ta daɗe tana neman jijiya kafin allura ta shiga. Tani ta ciro kwalbar daga ƙarƙashin tabarma ta nuna mata.

"Madam, wannan ne ya jawo?"

Zahara'u ta zauna a bakin gado, ta murza idanunta.

"Inna, ban sani ba. Ƙila fil ɗin ne, ko yatsa, ko cibiya. Bakwaini na kamuwa ko ba a ba shi komai ba. Man da ake ba su a manyan asibitoci daban ne, aunawa ake yi, kuma ko shi masu bincike bakinsu bai zo ɗaya ba a kansa. Kada ku sake sa mata komai a baki sai nono. In kifi ne, uwar ta ci."

Zakari ya ji duk daga taga. Ya juya ya tafi. Da la'asar ya dawo da tarwaɗa a kwano, an dafa da albasa.

Aka yi ta allura. Sannu a hankali jaririyar ta soma tsotso, kaɗan-kaɗan, tana hutawa. Nauyin da ta tara duk ya zube, aka ce sallama ba yanzu ba.

Tani ta aika Gabi a faɗa wa mijinta ya nemi mai taya shi maimai, noma na biyu. Sannan ta kwance zane, ta karɓi jaririyar daga ƙirjin Atika, ta jingina da bango.