Bencin Baya

Ene na ɗaura ɗankwalin Zumuntar Mata, yana ta kwancewa. Yau ne za a sanar a coci cewa an sa 'yarta Ufedo a horo, saboda cikin da ta yi ba aure. Daga yau bencin baya ne wurin yarinyar, ba waƙa, ba Jibin Ubangiji. Oche, mijin Ene, kuwa tun da safe ya ce zazzaɓi yake yi, ya ja bargo abinsa.

Tun da aka yi wa Oche canjin aiki zuwa Potiskum, Ene ce shugabar mata, kujerar gaba tata ce. Wa'azi bai taɓa sauka a kanta ba. Da fasto ya taɓo wani laifi, sai ta waiga ta nemo wadda maganar ta dace da ita, ta kafa mata ido. Bara ita ta tsaya kai da fata har aka kai 'yar Mairam, mai sayar da ƙosai a unguwar Yerimaram, wannan bencin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A hanya Ufedo ta roƙe ta ta zauna a gaba kamar kullum, kada mata su tuɓe ta daga shugabanci. Ene ta ci gaba da tafiya. Tsoro take ji, da kunya, da haushin yarinyar.

Sakataren coci ya karanta sunan. Coci ya yi tsit, sai rugugin wata tirelar shanu da ke wucewa a titi. Ufedo ta miƙe daga cikin mawaƙa, ta bi tsakiyar jama'a kanta a ƙasa, ta nufi bencin baya. Ene ta ji idanu a ƙeyarta, ta kuwa san irin kallon, don ita ta koya musu shi. Ta danne gwiwoyinta da hannu. Can ta jiyo shessheƙar 'yarta.

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Mataimakiyarta ta kama mata bakin zane, ta fizge.

A bencin baya ta tarar da Mairam, wadda tun bara ba ta koma mazauninta na da ba, ko da horon 'yarta ya ƙare. Ene ta tsaya, ta shirya jin baƙar magana. Mairam ta dube ta, ta janye ledar Littafinta Mai Tsarki.

"Zauna, Maman Ufedo. Daga nan ma ana ji."

Ene ta zauna, ta riƙo hannun 'yarta. Fasto ya buɗe misalin mai shuka, ya zo kan irin da ya faɗa bisa dutse, inda ba ƙasa. Ya tambaya ko zuciyar wa ce wannan.

Kamar yadda ta saba, Ene ta waiga don ta ga mai laifin. Bango ne kawai a bayanta.

Ta juyo a hankali, ta kasa kunne.