Bajo a Kan Ƙusa

Jini na gani a buroshin Auta da safe. Kaɗan ne, amma da kaɗan ɗin nan uwarta ta fara.

"Baba, dasashi ne kawai," in ji ta. "Kai komai sai ka mai da shi babin littafi."

Shekara goma sha tara uwarta ta yi tana koyar da ɗaukar hoton ƙashi a jami'a, kafin sankarar jini ta ɗauke ta. Yanzu Auta ce a ɗakin na'urar hoton, tana shekarar ƙarshe ta karatu.

"Ina bajonki?" na tambaye ta.

Bajon nan bai fi kwalin ashana ba. A ƙirji ake maƙala shi, ya riƙa shan hasken na'urar tare da mai shi, bayan wata uku a kai shi a auna, a ga ko hasken ya kai na cutarwa.

"Yana ofishin Farfesa. Can ake ajiye na kowa."

Na ajiye shayin da ke hannuna, na nufi jami'ar.

* * *

Farfesa ya tarbe ni da fara'ar da ake yi wa mijin marigayiya. Ya buɗe fayil ɗin awon bajoji.

"Duba da idonka, Malam. Shekara ashirin ba wanda awonsa ya haura. Har lambar yabo aka ba mu."

Na duba. Sifili a kan sifili, kamar ƙwai a kiret.

"A jikin wa suke kwana, ranka ya daɗe?"

Ya yi dariya. "Ka san ɗalibai da yar da kaya. Kuma bajo ɗaya ya nuna sama da ƙa'ida, rufe ɗakin za a yi. Wa zai yaye su?"

Sai da na juya zan fita na ga bajojin a bayan ƙofa, jere a kan ƙusoshi, bango uku tsakaninsu da na'urar. Ba mai lafiya a ginin nan kamar su.

* * *

A baranda Auta ta tare ni, sanye da rigar dalmar da ke kare jiki. Rigar ta tsage a ciki, an liƙe da salatif.

"Baba, don girman Allah kada ka yi magana. Shi zai sa hannu a aikina. Saura wata huɗu."

"Mu je a duba jininki."

"In na gama."

Haka uwarta ta ce.

Aka kira ta, ta shige, jar fitilar saman ƙofa ta kama. Na tsaya ina kallon fitilar, ban faɗa mata abin da na gani a ƙusa ta uku ba: bajon uwarta, da sunanta, ba ko ƙura. Ba wanda ya tuna ya cire shi. Shekara huɗu tana kabari, duk wata uku ana kai shi awo, yana dawowa da shaidar lafiyarta ƙalau.