Sunkuyo a Gaban Kaka

Shekara uku Jitske tana karatun harshen Japan a jami'a, kuma duk shekara ukun kakarta Hendrika ta ɗauka Sinanci, harshen ƙasar Sin, take koyo. Mahaifiyar Jitske ce ta ƙulla ƙaryar. Kowa a dangi ya san Kaka ta yi ƙuruciyarta tsare a sansanin sojan Japan a tsibirin Java lokacin yaƙin duniya na biyu, inda kullum safiya ake jera mata da yara cikin rana su sunkuya wa masu gadi.

Jitske kuwa son harshen nan take kamar yadda ake son mutum, da kishinsa da rashin barcinsa. Yanzu ga takarda a jakarta, an ba ta gurbin karatun shekara guda a Japan. Tun a jirgin ƙasa zuwa birnin Den Haag, inda Kaka take zaune, take bitar yadda za ta faɗi gaskiya ba tare da ta rasa matar da ta goya ta ba.

"Ke 'yar nema, dubi yadda kika bushe," in ji Kaka tana zuba shayi. "Littattafan kike ci?"

"Ai dai ban kai ki ƙashi ba, tsohuwa."

"Ni ƙashina na gado ne. Naki na rashin saurayi ne."

Suka yi dariya. Jitske ta kai hannu kan jaka, sai Kaka ta riga ta, ta zaro wani ɗan ƙunshi daga aljihun rigar sanyinta. Zoben azurfa ne, duk ya goge saboda daɗewa.

"Na uwata ne. A bakin siket ta ɗinke shi har muka fito daga can. Ranar haihuwarki ta kusa, ni kuma ban san kwanana ba."

Ƙwalla ta cika idon Jitske. Ta miƙe, ta karɓa da hannu biyu. Kafin hankalinta ya iso, jikinta ya riga ya yi abin da yake yi wa malamanta kullum a ƙofar aji: ƙafafu a haɗe, baya a miƙe, ta sunkuya daga ƙugu, ta ɗan tsaya a haka.

Da ta ɗago, fuskar Kaka ta zama kamar toka.

"Mutanen Sin ne suka koya miki wannan?"

"Kaka, dama abin da ya kawo ni..."

"Bai isa ba," in ji tsohuwar, muryarta can ƙasa. "Ƙasa da haka ake yi. Uwata ta taɓa tsayar da sunkuyonta daidai inda kika tsayar da naki, saboda ciwon baya. Da sanda aka ƙarasa mata sunkuyon, ina riƙe da hannunta."

Jitske ta faɗi komai, a hargitse: karatun, takardar, malamarta Kuwabara wadda ko haihuwar uwarta ba a yi ba lokacin yaƙin, waƙoƙin da suke sa ta kuka a ɗakin karatu. Tana ji da kunnenta yadda kowace kalma take ƙara ɓata lamarin, amma ta kasa yin shiru.

"Uwarki ta sani?"

"Ta sani."

"Wato ni kaɗai ce sakarar gidan." Kaka ta ture kofinta gefe. "Ba na ƙin yaren kowa, yarinya. Na yi ƙirga da shi kafin in iya rubuta sunana. Amma shekara uku kina zama a kujerar nan kina kallon idona."

"In kin ce kada in je, na fasa. Da gaske nake."

"Sannan in mutu da alhakinki a wuya? Je ki abinki."

"Zan zo Lahadi mai zuwa, mu sake magana."

Kaka ta dafa tebur ta tashi da ƙyar, ta buɗe mata ƙofa.

"Kada ki zo Lahadi. In na iya ganinki, ni zan kira."