Littafin Lambobin Waya na Valdivia

Shekara talatin Eladio yana aro wa malamai littattafan Sifaniyanci daga wasu jami'o'i, a laburaren wata jami'a a Sweden, bai taɓa aro wa kansa ko ƙasida ba. Sai bana, da furfura ta gama cin kansa, ya sa aka aiko masa daga Jamus da littafin lambobin waya na 1972 na Valdivia, garinsu a Chile. A takardar neman aron, a gurbin dalili, ya rubuta "bincike".

Mako huɗu shafi ɗaya yake buɗewa, inda sunan marigayi mahaifinsa yake, da layinsu, da lambar gidansu.

Ranar mayarwa abokiyar aikinsa Gunilla ta tsaya a kansa da kwalin da za a mayar da littafin a ciki.

"Shehun malami, an gama binciken? Ka ɗauki hoton shafin mana ka huta."

"Na ɗauka. Hoto ba ya ƙamshin ruwan saman garinmu."

"Wannan fa warin ma'ajiyar Jamusawa ne, Eladio."

"Na sani. Ki bar ni da hancina."

Ta ajiye kwalin, ta miƙa masa takardar neman ƙarin wa'adi. A gurbin dalili ya rubuta: "Har yanzu ba wanda ya ɗaga wayar."