Gudun Kaftani

A Jibiya in ka ga babban mutum yana gudu, ba ka tsayawa tambayarsa dalili. Kai ma ɗaga ƙafa kake yi, ka yi tambayar a gaba. Shekarun nan na 'yan bindiga su suka koya wa mutane haka, kuma kowa ya haddace karatun, ban da Zunnuraini mai faci, wanda Allah ya jarabce shi da son gudu ba tare da kowa ya biyo shi ba.

Markus ne ya shafa masa wannan ciwo. Markus ma'aikacin duba lafiyar dabbobi ne a bakin iyaka, mutumin Filato, ya yi gudun dogon zango da ƙuruciyarsa har gwiwa ta ce masa ya isa. Wata rana ya kawo babur ɗinsa faci, sai ya ga wata tayar tirela ta kuɓuce tana gangarawa, Zunnuraini ya bi ta ya kamo, ya dawo ko haki ba ya yi. Shi ke nan fa, Markus ya liƙe masa. Ya ce akwai gasar da ake yi a Legas, kilomita arba'in da biyu, kuma ƙafafun nan ba na zaman rumfar faci ba ne.

"Amma ba a faɗa wa arba'in da biyu haka kawai," in ji Markus. "Sai ka yi rabinta, ashirin da ɗaya, har sau uku, mu ga yadda jikinka ke amsawa. In ka ci ukun nan, ni da kaina zan raka ka tasha."

Biyun farko a filin ƙwallon makaranta ya yi su, da gajeren wando da singileti, zagaye hamsin da 'yan kai. Kai, ya sha dariya! Masu shayi suka ce mai faci ya zautu, 'yan acaɓa suka ce hayaƙin roba ne ya taɓa masa kai. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, surukinsa Malam Ɗantala, mahaifin matarsa Ummusalma, dattijon da ke sayar da igiyar dabbobi a bakin titin Magama, yana dogara sanda saboda ƙafa ɗaya da ta sage. Da aka kai masa gulmar har rumfarsa, cewa ya yi, "Mutumin da ke sallatai, shina ciyar da ɗiyata, in ya ga dama ya yi ta gudu har Maraɗi." Maganar ta dawo kunnen Zunnuraini. Tun daga ranar, duk duniya ba abin da yake tsoron zubarwa kamar mutuncinsa a idon tsohon nan.

To, na ukun a kan titi Markus ya ce za a yi, don titi daban, fili daban. Ya auna hanyar da mitar babur ɗinsa: a tashi daga wajen Gangara, a ratsa Jibiya, a ƙare a ƙofar iyaka a Magama. Ka ga ke nan sai an bi ta gaban rumfar Malam Ɗantala. Nan gizo ya fara saƙa a zuciyar Zunnuraini. Shi, ya wuce gaban surukinsa da cinya a waje? Allah ya kiyaye.

Ummusalma ta gan shi da asubahin Asabar yana zura tsohon kaftaninsa da dogon wando, har da hula.

"Ka sa kayan gudunka mana," ta ce. "Ai Baba ya san abin da kake yi."

"Sani daban, gani daban," ya ce, ya ɗaure igiyar takalminsa.

Markus ma da ya zo ɗaukarsa sai da ya riƙe baki. "Wa ka taɓa gani ya yi gudu da kaftani? Ɗaurin aure za ka?" Zunnuraini ya haye bayan babur. Da suka isa wurin tashi rana ta ɗan leƙo, gero ya yi kai a gonaki dama da hagu. Markus ya ɗaura masa agogonsa a hannu, ya maimaita dokokinsa: ba tsayawa, ba surutu, numfashi na gudu ne ba na gaisuwa ba. Shi zai biyo a baya a hankali da gorar ruwa.

Kilomita shida na farko lafiya lau. A na bakwai iska ta ɗauke hular, bai tsaya ba, ai doka ce. A na takwas ƙishi ya fara, ya waiga bai ga Markus ba. Ya ƙara waigawa. Ashe ƙusa ce ta huda tayar Markus, yana can yana turin babur yana zage-zage, mai facin kuma ga shi nan a gaba yana gudu.

Yanzu don Allah ka tsaya ka dubi abin da mutanen wata 'yar tunga ta bakin hanya suka gani. Magidanci ne, da kaftani jiƙe sharkaf, kai ba hula, ya fito daga ɓangaren daji da sassafe a guje, yana yi yana waiwaye. Wata mata da ke shanyar kuɓewa ta miƙe tsaye.

"Malam, lahiya? Mi ya faru?"

Zunnuraini ya tuna doka. Bai buɗe baki ba, sai ya nuna baya da babban yatsa, wai nufinsa mai bayani yana tafe. Ya wuce abinsa, har yana jin daɗin bai ɓata numfashi ba. Bai ji salatin da matar ta saka ba, bai ga tabarmar kuɓewar ta kife ba.

Waya ta fi ƙafa sauri. Kafin ya shigo Jibiya labari ya riga shi. Babura suka fara wuce shi da mutum uku-uku, huɗu-huɗu, ana ta rufe shaguna garam-garam, wani mai tireda ya bar rediyonsa na ta magana shi kaɗai. Zunnuraini ya rage gudu, wannan karon ya karya doka, ya tambayi wani da ke jan akuya.

"Sun shigo ta Gangara!" mutumin ya ce. "An ga wani da ya tsira da kyar, ya ce suna bayanshi!"

Ta Gangara? Ai yanzu ya baro can! Kuma Markus bai biyo ba. Wayyo, sun kama Markus! Ko kaɗan bai kawo a ransa cewa shi ne wanda ya tsira ɗin ba. Tsoro ya shige shi tun daga tafin ƙafa, irin tsoron da ba ya shawara da mutum. Duk gudun da ya yi wata biyar yana koyo, wasa ne. Yanzu ne ya yi gudu.

Kowa ƙofar iyaka ya nufa, inda jami'ai masu bindiga suke. Zunnuraini ya wuce mata masu goyo, ya wuce samari, ya wuce wani mai keke. Jikinsa ya san aikin, numfashi na shiga na fita daidai, ga mutane suna zubewa gefen titi suna haki shi kuwa kamar yanzu ya fara. Haka ya shigo Magama.

Rumfar Malam Ɗantala ta rushe, wani babur ya kwashe turkenta. Igiyoyi sun watse a kan titi. Tsohon yana ƙasa, ya dogara da gwiwar hannu ɗaya, sandarsa ta yi nisa da shi, mutane suna tsallake shi suna wucewa. Ya ɗaga kai ya hango kaftanin da ya sani.

"Zunnuraini!"

Shekara shida da auren, tsohon bai taɓa kiran sunansa ba. Malam yake ce masa, saboda kunya irin ta surukai. Yau ya kira, da ƙarfi, har sau biyu. Zunnuraini ya ji. Ba zan rufa masa asiri a nan ba, ya ji sarai, har idonsu ya haɗu. Zuciyarsa ta ce tsaya, ƙafafun suka ƙi, shi kuma bai yi musu dole ba. Ya kauce wa igiyoyin don kada su harɗe shi, ya wuce.

A ƙofar iyaka jami'ai sun ja daga, mutane sun cunkushe a bayan manyan motoci. Zunnuraini ya iso ya dafa wata tirela, sai ya ji yatsansa ya danna agogon Markus da kansa, yadda ya saba a fili. Ya duba. Awa ɗaya da minti ashirin da huɗu, bai taɓa yin kusa da haka ba. Ya ji kamar ya cire agogon ya jefa a kwata. Ya ce zai koma wurin tsohon, ya taka sau biyu, wani ya ce an ji harbi, ya dawo bayan tirelar ya tsuguna.

Aka yi minti ashirin, aka yi arba'in, ba harbi ba hayaƙi. Can sai ga babur ɗaya tilo yana tafe a hankali. Markus ne, ya samu wani ya liƙe masa tayar, yana ta kalle-kalle yana mamakin garin da ya watse, ga hular Zunnuraini rataye a madubi. Jami'ai suka tare shi, suka tambaye shi su nawa ne a bayansa. Ya ce su wa? Shi dai daga Gangara yake, bai ga kowa ba sai masu cirar ciyawa. Ana haka matar nan mai kuɓewa, da wani ya ɗauko ta a babur, ta kutso tana nuni.

"Ga shi nan! Wanga mai kaftani, shi na gani! Shi ya nuna mini suna baya!"

Markus ya dubi matar, ya dubi Zunnuraini, ya dubi kaftanin. Dariya ta taso masa, ya ga fuskokin mutane, ya haɗiye ta.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja ba. An zage shi ta uwa ta uba. Mai ƙosai ta ce sai ya nemo mata kaskonta. Wani jami'i ya yi masa wankin babban bargo, ya ce in ya ƙara gudu a titin nan ba da sanarwa ba, a ɗakin tsaro zai ƙarasa atisayen. Daga baya zagin ya koma dariya, don mutanen da suka tsorata suka ga ba komai, dariya ce ke zuwar musu. Zunnuraini ya sunkuyar da kai ya shanye duka. Wallahi wannan kunyar mai sauƙi ce, da ita kaɗai ce da ya gode wa Allah. Ɗayar ce ke cin sa, wadda ba wanda ya sani sai mutum biyu.

Sai bayan la'asar ya iya jan ƙafa zuwa gidan surukinsa. Zauren cike yake da masu jaje. Malam Ɗantala na kishingiɗe a tabarma, mai ɗori ya ɗaure masa tsintsiyar hannu da karare. Zunnuraini ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa. Isah, babban ɗan tsohon, bai amsa ba.

"An ce ta gaban Baba ka wuce shina ƙasa," Isah ya ce. "Gaskiya ne?"

Zunnuraini ya buɗe baki, amma tsohon ya riga shi.

"Bai gan ni ba. Cikin wanga turmutsutsu wa ke ganin wani? Ni ma ban kira shi ba. Ku bar Malam ya huta, ya sha zagi yau."

Aka yi 'yar dariya, aka koma labarin mai akuya da mai ƙosai. Zunnuraini ya zauna nan a durƙushe, gumi na bin bayansa. Da a ce tsohon tashi ya yi ya kwaɗa masa sanda a gaban kowa, da ya fi masa sauƙi. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka yi sallama, Isah ma ya shiga cikin gida, ya rage su biyu.

"Baba," ya ce, hawaye na zubo masa, "na ji kiranka. Na gan ka. Ni ne..."

"Na ce ba ka gan ni ba," tsohon ya katse shi, bai ko dube shi ba. "Gaban mutane na faɗi. Bayan karaya kuma so kake ka maishe ni maƙaryaci?"

"Ka yafe mini, Baba."

"Na yahe tun ina ƙasa. Tsoro ba a gardama da shi, ni ma na san shi." Ya gyara hannun a kan cinyarsa, ya ɗan cije leɓe. "Ni tsoho ne, ko yau aka tattake ni ba a yi asara mai yawa ba. Ba kaina nike tunani ba tun safe."

Sai a lokacin ya juyo ya dube shi, ba faɗa a fuskarsa, kuma rashin faɗan ya fi komai ciwo.

"Yau ƙarya ce, Malam. Wata rana gaskiya za ta zama, mu da ke zaune bakin dajin nan. Ɗiyata na gidanka da tsohon ciki, ko saurin kirki ba ta iyawa. Ranar, in ta kira sunanka, mi za ka yi?"

Zunnuraini ya so ya rantse. Rantsuwar ta zo har bakinsa, irin wadda da jiya ne zai yi ta ba tare da ko tunani ba. Tsohon yana jira, shi kuma ya kasa furta ta.